Yadda ake karanta takardar gwajin ƙoda, ko da jiki bai ce komai ba

Kawuna na Daura shekararsa 64, yana hawa kekensa zuwa masallaci da gona, ba ya kumburi, ba ya ciwon baya, fitsarinsa kuma garau. Hawan jini ne kawai, shi ma sai kai ya sara yake tuna ƙwayoyinsa. Ranar da na raka shi asibiti a Katsina domin ciwon ido, likita ya auna jininsa ya ga ya hau, ya ce a ɗibi jini da fitsari tukuna. Da takarda ta fito, likitan ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Baba, an taɓa gaya maka ƙodarka na da matsala?" Kawu ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ko dai takardar wani suka ba mu? Ni da jiya na yi noma kunya goma?"

A watan nan kuma wata ƙanwar matata, mai shekara 22, ta wayi gari fuska a kumbure, ido kamar ba zai buɗe ba, ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Gida ya rikice, har an fara lissafin kuɗin wankin ƙoda. Gwajin jininta ya fito lafiya lau. A fitsari matsalar take.

Mutum biyu, ciwon ƙoda duka, amma wanda ya fi kusa da haɗari shi ne wanda bai ji komai ba. Tun daga nan na zauna na koyi karanta takardun nan, ga kuma yadda ake bi.

Da farko, ka san abin da ake nema

Ƙoda biyu ce, kowace kamar dunƙulen hannu, a can baya ƙarƙashin haƙarƙari. A cikin kowace akwai 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A yini guda suna tace ruwan jini kimanin lita 180, wato jarka mai lita 25 guda bakwai da ɗoriya, su mayar da kusan dukkansa jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Ban da wannan, ƙoda na daidaita gishirin jiki da hawan jini, tana kuma aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini.

Saboda haka gwaji tambaya biyu yake yi. Ta farko: rariyar, wato matatan nan, na tace dauɗa da sauri yadda ya kamata? Jini ke amsa wannan. Ta biyu: rariyar ta huje, har abin da ya kamata ya tsaya a jini yana zuba? Fitsari ke amsa wannan. Wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya, rabin labari ya ji.

Wa ya kamata ya je ko da yana jin garau

Mai hawan jini da mai ciwon suga, aƙalla sau ɗaya a shekara, ba sai an ga alama ba. Waɗannan biyun su ne manyan masu kashe ƙoda. Sai mai sikila, mai cutar HIV ko ciwon hanta nau'in B ko C, wanda a danginsa aka yi wankin ƙoda, matar da ta taɓa jijjiga ko hawan jini a lokacin goyon ciki, dattijon da fitsari ke masa gardama, da wanda ya taɓa fitsarin jini na tsargiya ko tsakuwar ƙoda. A ƙara da duk wanda ya mai da "haɗa mini maganin gajiya" a kemis abin kullum, domin cikin haɗin nan da wuya a rasa diclofenac, ibuprofen ko piroxicam, kuma su ne ke rage jinin da ke shiga ƙoda.

Shirin zuwa

Wannan matakin mutane ke rainawa, shi ne kuma ke sa a tsorata a banza.

Kada ka ci nama awa 12 kafin a ɗibi jini. Dafaffen nama na ɗaga kiriyatinin, wato dauɗar da ake aunawa a jini don sanin aikin ƙoda, na ɗan lokaci, to wanda ya tsaya wajen mai balangu da daddare, ko ya ƙarar da ƙunshin kilishi, zai iya ganin lambarsa ta hau da safe ba tare da ƙoda ta yi laifi ba. Kada ka yi aikin ƙarfi na fitar hankali a jajibirin gwaji. Ka sha ruwa yadda ka saba. Gwajin ƙoda kaɗai ba ya buƙatar ka zo da yunwa, sai dai in an haɗa da na suga. A zafin Afrilu da Mayu, ko a tsakiyar azumi, jiki a bushe yake, yuriya, wata dauɗar da ita ma ake aunawa a jini, kan hau. In gwajin ba na gaggawa ba ne, ka gaya wa likita kana azumi ya san yadda zai karanta.

Ka zuba dukkan magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, har da jiƙe-jiƙe da garin magani da man shafawa na ƙara hasken fata. Ba don a ci maka fuska ba. Septrin da cimetidine, alal misali, suna ɗaga kiriyatinin a takarda ba tare da sun rage aikin ƙoda ba, allurar gentamicin kuwa tana iya yi mata lahani na gaske, wasu mayukan bilicin kuma suna ɗauke da sinadarin makuri mai huda rariyar ƙoda. Likitan da bai san me ka sha ba lalube yake.

Fitsari kuma: na farkon safiya ya fi. A karɓi 'yar robar ɗakin gwaji, ba kwalbar lemo ba. A wanke gaba, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya, a kai cikin awa ɗaya ko biyu. Mace mai al'ada ta bari sai ta yi tsarki. Mai zazzaɓi ko zafin fitsari ya faɗa, domin duka biyun na sa furotin, wani sinadarin da ya kamata ya tsaya a jini, ya bayyana a fitsari na ɗan lokaci.

Karanta takardar jini

A saman takardar za ka ga an rubuta E/U/Cr, wato gishirin jiki, yuriya da kiriyatinin. Kafin ka dubi kowace lamba, dubi ma'aunin da ke gefenta. Wasu ɗakunan gwaji na rubuta kiriyatinin da mg/dL, wasu da µmol/L, kuma 1 na farkon daidai yake da 88.4 na biyun. Na ga wanda ya kwana bai runtsa ba saboda bara ya ga 1.0 bana ya ga 88, alhali lamba ɗaya ce.

Kiriyatinin dauɗa ce da naman jiki ke fitarwa kullum, ƙoda ta kwashe. In ƙoda ta yi sanyi sai ya taru. Ga namiji baligi yawanci yana tsakanin 60 da 110 µmol/L, ga mace 45 zuwa 90, kodayake kowane ɗakin gwaji na buga nasa iyakokin a gefe. Amma wannan lamba na da yaudara iri biyu. Ta farko, ƙoda kan iya rasa kusan rabin aikinta kafin kiriyatinin ya fita daga layin da aka buga. Ta biyu, ya danganta da yawan naman jikin mutum. Ɗan dambe ko mai dakon buhu a kasuwa zai fi tsohuwa siririya yawansa, ko da ƙodarsa ta fi tata lafiya.

Don haka ne ake lissafa eGFR, kuma ita ce lambar da ya kamata ka haddace. Ana haɗa kiriyatinin da shekaru da jinsi a fitar da ƙiyasin yawan ruwan jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Ga misali da zai nuna maka amfaninta. Saurayi ɗan shekara 25 da tsohuwa 'yar 70, kowa kiriyatinin ɗinsa 106. Na saurayin eGFR zai fito wajen 86, na tsohuwar wajen 49. Lamba ɗaya, shi lafiya, ita rabin aiki. In takardarka ba ta ɗauke da eGFR, ka roƙi likita ya lissafa maka, minti ɗaya ne a waya. Wata tsohuwar hanyar lissafi tana ƙara wa baƙar fata maki, amma tun 2021 aka fito da sabuwa da ta cire wannan ƙarin, domin yana sa ƙoda ta bayyana kamar ta fi yadda take lafiya.

Matakan su ne:

- 90 zuwa sama: mataki na 1
- 60 zuwa 89: mataki na 2
- 45 zuwa 59, sannan 30 zuwa 44: mataki na 3, kashi biyu
- 15 zuwa 29: mataki na 4
- ƙasa da 15: mataki na 5, gazawar ƙoda

A kula, mataki na 1 da na 2 ba ciwo ba ne sai in akwai wata shaida, kamar furotin ko jini a fitsari, ko matsala a hoto. Dattijo mai eGFR 75 da fitsari tsaf ba majinyaci ba ne, shekaru ne, domin aikin ƙoda na raguwa kaɗan kaɗan da girma. Kuma lissafin ba ya aiki daidai ga mai ciki, ga yara, ga wanda aka yanke wa ƙafa, da wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya. Mai ciki ma kiriyatinin ɗinta sauka yake, har lambar da ke daidai ga wata macen kan zama abin dubawa a gare ta.

Kiriyatinin ɗin Kawu ya fito 220, eGFR 28. Mataki na 4, yana noma kunya goma.

Yuriya kan kasance wajen 2.5 zuwa 7.8 mmol/L. Ita mai saurin ruɗa mutum ce: ƙishirwa, gudawa, cin nama da yawa ko zubar jini a ciki duk suna ɗaga ta. In ta hau ita kaɗai kiriyatinin na daidai, yawanci ruwa jiki ke nema.

Fotasiyam, ɗaya daga cikin gishirin jiki, shi ne wanda ba a wasa da shi. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0. In ya kai 6.0 ba a komawa gida da takardar a ce sai ranar asibiti, a nuna wa likita a ranar, 6.5 kuwa gaggawa ce, domin yana iya tsayar da zuciya ba sallama, mutum na zaune yana hira. Sai dai shi ma yana fitowa da hawan ƙarya in jinin ya daɗe a kwalba kafin a gwada, kamar wanda aka ɗiba a ƙauye aka ɗauko a babur cikin rana, ko aka sha wahalar samun jijiya. Maganin shakka a sake ɗiba nan take. Sodiyam, shi ma gishirin jiki ne, daidai shi ne 135 zuwa 145. Bayikabonet, mai hana jini tsami, in ya sauka ƙasa da 22, jini ya fara tsami, abin da ake gani in ciwo ya yi nisa. Ka dubi PCV ma, wato ma'aunin yawan jini, domin ƙarancin jinin da ya ƙi jin maganin ƙarin jini sau da yawa daga ƙoda yake.

Karanta takardar fitsari

Ana tsoma ɗan tsinke mai launuka a fitsari. Layi biyu za ka nema: furotin da jini. In babu, madalla. In an sa alamar +, ++ ko +++ a layin furotin, rariya na yoyo, yawan alamar yawan yoyon. Ƙanwar matata +++ ta samu. Furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi ne ke zubewa, shi ya sa ruwa ya tsere ya taru a fuska da ƙafa alhali tacewar na tafiya daidai. An ɗora ta a kan magani a asibiti, ba ta ga injin wankin ƙoda ba ko sau ɗaya.

Tsinken ba ya kama yoyo ƙarami, wanda kuma shi ne alamar farko ga mai suga da mai hawan jini, shekaru kafin jini ya nuna komai. Don wannan akwai gwajin ACR, mai auna ƙaramin yoyon furotin a fitsari. Ƙasa da 3 mg/mmol daidai ne, 3 zuwa 30 yoyo ya fara, sama da 30 ya yi yawa. In da mg/g aka rubuta, iyakokin su ne 30 da 300. Ba kowane ƙaramin ɗakin gwaji ke yinsa ba, amma a tambaya a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A ganina mai ciwon suga da ya shekara biyar yana auna suga kullum bai taɓa yin ACR ba, gadin ƙofar gaba yake ɓarawo na shiga ta baya.

Jini a fitsari kuwa a ƙasarmu, musamman ga yaran da ke wanka a dam ko kududdufi, a fara neman ƙwan tsargiya. Ga babba, a binciki tsakuwa, mafitsara da ita ƙodar.

Hoto

Sikanin ba ya auna aiki, siffa yake nunawa. Ƙodar baligi kan kai santimita 9 zuwa 12. In duka biyun sun motse, ciwon ya daɗe. In sun kumbura da fitsari, wani abu ya tare hanya, ko tsakuwa ko furostet ɗin dattijo, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma wannan ana iya gyarawa, wani lokaci da robar fitsari kawai. Amma kada wanda hotonsa ya fito lafiya ya ce ya tsira. Ƙodar mai suga kan riƙe girmanta ciwo na ci.

Maimaitawa: wata uku

Takarda ɗaya ba ta yanke hukunci. Ba a kiran ciwon ƙoda mai daɗewa sai matsalar ta zauna sama da wata uku. In lamba ta fito da matsala karon farko, likita kan sa a sake cikin mako biyu don a tabbatar ba faɗuwa take da gudu ba, sannan a sake bayan wata uku.

Dalili shi ne akwai bambanci babba tsakanin ƙodar da ta tsaya farat ɗaya da wadda ta daɗe tana lalacewa. Ta farko kan biyo bayan amai da gudawa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, zubar jini wajen haihuwa, saran kububuwa, ko wani jiƙo mai ƙarfi. Kiriyatinin ya yi tsalle cikin kwanaki, fitsari ya ragu, wani lokaci na yini guda bai cika ledar fiya wata ɗaya ba. Abin tsoro ne, amma in an kai asibiti da wuri sau da yawa ƙodar na dawowa, har ga waɗanda sai da aka yi musu wanki sau biyu ko uku. Ta biyu ba ta dawowa, amma ana rage mata gudu sosai.

Da muka koma Daura, Kawu ya zazzage wata tsohuwar jakar takardu, muka tarar da gwajin da ya yi shekara biyu baya: kiriyatinin 140. An miƙa masa, ya ninke ya ajiye, ba wanda ya lissafa masa cewa eGFR ɗinsa 49 ne tun a lokacin. Daga 49 zuwa 28 cikin shekara biyu, wannan gangarar ita ce ta fi damun likita, fiye da ita 28 ɗin.

Me ya sa alamu ke bambanta

Ƙoda na da haƙuri fiye da kima. In wasu matatai sun mutu, sauran su ɗauki aikinsu, kuma in abin a hankali yake tafiya jiki na sabawa da dauɗar. Shi ya sa da yawa ba sa jin komai sai a mataki na 4 ko na 5. Abin da mutum zai fara gani ya danganta da wane ɓangare ya lalace da kuma me ya jawo shi.

Wanda rariyarsa ke yoyo zai ga kumfa a fitsari mai ƙin bajewa, da kumburin ido da safe, na ƙafa da yamma. Wanda ƙodarsa ta kasa tattara fitsari zai riƙa tashi sau uku ko huɗu da dare, ya ce ai ƙodarsa aiki take sosai, alhali akasin haka ne. Wani kasala ce kawai da haki in ya hau 'yar tudu, saboda jini ya ragu. Wani ƙaiƙayi ne ba ƙurji. Wani abinci ya fita ransa, nama ya riƙa yi masa ƙarni, tashin zuciya da safe, baki na ɗanɗanon ƙarfe. Wani naman ƙafa ke ɗaurewa da dare. Wani hawan jininsa ne ya ƙi jin magani uku. Ga yara, kumburin fuska da fitsari mai kalar shayi makonni bayan ƙazwa ko ciwon maƙogwaro. Ga tsofaffi, wani lokaci ruɗewa ce ko yawan barci, a ce tsufa ne.

Kowace daga cikin waɗannan tana da sunan da muke lulluɓe ta da shi. Kasala taifot ce, tashin zuciya olsa, kumburi sanyi ko sammu, rama basir. Sai a shafe wata shida ana maganin sunan, wani maganin ma yana ƙara wa ƙodar nauyi. Abin da kuma kowa ke ɗauka ciwon ƙoda ne, wato ciwon ƙugu, yawanci na ƙashi da nama ne. Ƙoda kan yi zafi in akwai tsakuwa, wadda ke murɗa daga kwiɓi zuwa mara, ko in ƙwayar cuta ta hau ta da zazzaɓi. Mai daɗewar nan shiru take ci.

Alamun da ba a kwana da su a gida: fitsari ya ɗauke ko ya ragu ƙwarai, numfashi na sarƙewa musamman in an kwanta, amai ba tsayawa, shaƙuwa ta kwana da kwanaki, ruɗewa ko jijjiga, da kumburin fuska tare da ciwon kai ga mai ciki.

Zama da likita

Ka shiga da tambayoyinka a rubuce. Nawa ne eGFR ɗina? Akwai furotin? Me ya jawo? Wane magani zan bari, wane za a rage? Yaushe zan maimaita? In eGFR ya sauka ƙasa da 30, ko furotin ya yi yawa, ko lambar na gangarawa da sauri, ka nemi a tura ka wajen ƙwararren likitan ƙoda. Ana samunsu a manyan asibitocin Katsina, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda tun 2002, bai yi nisa ba.

In an ba ka lisinopril ko losartan, magungunan hawan jini, su ne masu kare ƙoda, amma a sake gwada kiriyatinin da fotasiyam bayan mako ɗaya ko biyu. Ɗan hawa kaɗan ba laifi ba ne, kada ka bar magani da kanka saboda shi. In amai da gudawa suka kama ka kana shansu, ka kira likita, domin akan dakatar da su na 'yan kwanaki. Mai suga ya san ana rage metformin in eGFR ya sauka ƙasa da 45, a daina ƙasa da 30. Burin hawan jini ga mafi yawan masu ciwon ƙoda shi ne ƙasa da 130/80.

Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin, domin duk sodiyam ne. Ayaba, lemu, dabino, dankali da tumatir ba a hana su ga kowa ba, sai wanda fotasiyam ɗinsa ya hau. Haka ruwa: mai tsakuwa ana so ya sha da yawa, mai kumburi da haki ana auna masa. Shawarar da ta yi wa maƙwabcinka amfani tana iya kwantar da kai. Azumi ma a tambaya kafin wata ya kama, musamman daga mataki na 4.

Kawu dai ya yi gardama kan gishiri fiye da komai. Sai da matarsa ta koma raba masa miyarsa a 'yar tukunya dabam, da daddawa da albasa da yawa, kafin ya daina cewa ana ba shi abincin marasa lafiya. Mun saya masa na'urar auna hawan jini, jikarsa ke rubuta lambobin a bayan littafin makaranta. Takardun gwaji kuma yanzu a jere suke bisa kwanan wata cikin leda guda, na kuma ɗauki hoton kowace a waya. Gwajinsa na bayan nan ya nuna eGFR 27. Ranar Talata ta farkon wata mai zuwa zai shigo motar safe daga Daura, ba nama tun daren Litinin.